Tsofaffin Baburan Daji: Yadda Ake Saye, Tayarwa da Adana Su

A Garwa, Marwa, Ngawundere ko Njamena, da wuya ka zagaya garejin babura uku ba ka ga wani dogon babur jingine da bango ba, tayoyi sun sace, ƙura ta rufe tanki. Galibi Yamaha DT ne ko AG, ko Honda XL, wani lokaci Suzuki TS. Da irinsu ma'aikatan gonar auduga, malaman rigakafi, 'yan mishan da ƙungiyoyin agaji suka riƙa shiga ƙauyuka kafin baburan Sin da na Indiya su cika gari. An ƙera su ne su ci kwalta su ci daji: suna da fitila da mita da wurin lamba kamar babur ɗin gari, ga kuma doguwar ƙafa, tayar gaba galibi mai inci 21 da salansa a sama saboda ruwa da duwatsu.

Abin da mai gareji yake kallo a matsayin kayan gwangwan, a Turai da Japan da Amurka akwai masu neman sa ido rufe. Sai dai abin da suke biya kuɗi a kai ba ƙyalli ba ne. Asali suke saye: injin da babur ya fito da shi, fentin kamfani ko da ya koɗe, lamba da takardu masu tafiya tare. Gyaran da aka saba yi wa babur ɗin kilando na haya, wato a cire abin da ya gaji a jefar, a ɗaura na Sin, a watsa sabon fenti, shi ne ainihin abin da yake kashe darajar waɗannan. Duk abin da ke ƙasa a kan wannan ya ginu.

Waɗanne ake nema, kuma me ya sa

Yamaha ce ta buɗe wannan kasuwa da DT-1 mai cc 250 a 1968. Honda ta biyo da XL250 a 1972. Amma wanda ya zama sarkinsu shi ne Yamaha XT500 na 1976: silinda ɗaya, cc 499, giya biyar, babu sitata sai kik. Da shi Cyril Neveu ya ci tseren Paris zuwa Dakar na farko a 1979, ya sake ci a 1980. Wannan tsere ne ya haifi yawancin sunayen da ake rububi a yau. BMW R80 G/S ya fito a 1980, kuma baburan BMW sun ci Dakar a 1981 da 1983 a hannun Hubert Auriol, sannan 1984 da 1985 a hannun Gaston Rahier. Yamaha ta fitar da XT600Z Ténéré a 1983 da tanki mai cin kusan lita 30, aka sa masa sunan hamadar Nijar. Honda ta ci Dakar sau huɗu a jere daga 1986 zuwa 1989, daga nan Africa Twin ya samo asali: XRV650 a 1988, XRV750 daga 1990 zuwa 2003. A 1992 tseren ya sauya hanya ya nufi Afirka ta Kudu, ya ratsa Njamena da Sarh da Yawunde, Stéphane Peterhansel ya ci shi a kan Yamaha.

Waɗanda suka ga waɗannan tsere a talabijin suna samari, yanzu su ne dattawa masu kuɗi a aljihu, kuma suna son babur ɗin da suka kasa saye a wancan lokaci. Ga shi injinan masu sauƙi ne, babu kwamfuta, mutum zai iya kwance su a tsakar gida. Ga kuma ƙarancinsu, domin babur ɗin daji dukan tsiya yake sha, kaɗan ne suka tsira da kayansu cikakku.

A wajenmu manyan ba su da yawa. XT500, Ténéré, Honda Transalp ko Africa Twin sukan ɓullo jefi-jefi, yawanci waɗanda Turawan aiki ko matafiya suka bari. Waɗanda za ka fi samu su ne DT125, DT175, AG100, AG200, XL125S, XL185S da TS125 ko TS185. Kuɗinsu bai kai na manyan ba ko kusa, kuma AG, gaskiya, dokin aiki ne kawai, masu tarawa ba su cika damuwa da shi ba. Amma DT175 ko XL185S mai cikakkun kaya wuri ne mai kyau na farawa, don kuskure a kansu ba ya cin dukiya.

Takardu da lamba kafin komai

Kada ka taɓa kik kafin ka ga lamba. Lambar shasi tana wuyan babur, wurin da ƙaho yake juyawa. Ta injin tana jikin kwanon injin. Goge da tsumma da ɗan kananzir, ban da sanfefa. Haruffan kamfani a jere suke, zurfinsu ɗaya. In ka ga wurin ya lotsa, ko alamar goga, ko wani harafi ya karkace, an sake bugawa, ka bar shi komai arharsa.

A XT500 da yawancin Yamaha na wancan zamani, lambar injin da ta shasi iri ɗaya ce daga kamfani. XT500 na Turai daga 1977 lambarsa da 1U6 take farawa, Ténéré na farko kuwa 34L. A Honda lambobin biyu ba sa zama daidai, don haka bambanci a nan ba laifi ba ne, abin dubawa shi ne farkon lambar injin ya dace da samfurin. Wannan yana da muhimmanci a kan XL125S da XL185S, domin an sha cire injinsu a dasa na Sin. Daga nesa ba ka ganewa. Duba sunan Honda da aka zuba a jikin murfin injin, ka kuma duba kan silinda: na XL kamshaf ɗinsa, wato sandar da ke buɗe bawul, a sama yake da sarƙar taimin, injinan Sin da suka kwaikwayi CG kuwa da sanduna suke tura bawul.

Kart giriz, wato takardar rajistar babur, ta zo da lambar shasin da ka gani da idonka, ko farantin Kamaru ne mai NO, EN ko AD, ko na Cadi. A rubuta takardar ciniki a buga mata hatimin hukuma. Baburan da suka fito daga ƙungiya ko ma'aikata suna da wani tarko: da yawa an shigo da su ba a biya kuɗin duwan (kwastan) ba saboda rangwamen da ake yi wa ayyukan agaji. In an yi gwanjonsu, sai an nemi takardar gwanjon da shaidar biyan duwan, in ba haka ba kai ne za ka biya a ƙarshe. Wanda ya tsallako daga Mubi ko Yola, ko ta gadar Ngeli, shi ma haka.

Duba jiki

Je da safe, ka roƙi mai shi kada ya tayar kafin ka iso. Taɓa kan silinda. In da ɗumi, akwai abin da ake ɓoyewa.

Fara da abin da ba ya samuwa a kasuwa. Fistan, zobe, boris, gasket da faifan kuloci duk ana samu. Na XT500 ma da sauƙi, domin Yamaha ta ci gaba da ƙera ɗan'uwansa SR400 har 2021, kuma sassan injinsu da dama ɗaya ne. Abin da yake wahala shi ne salansar asali, tanki marar lotsawa, murafun gefe, akwatin iska, gindin sit, mita da fitilar baya. Babur mai mataccen inji amma da waɗannan cikakku ya fi wanda yake tashi bugu ɗaya alhali an sauya masa su duka.

Sannan ƙashin babur ɗin. Tsaya a baya ka hango ko tayoyin biyu suna kan layi ɗaya. Duba walda a wuya, a gindin matakin ƙafa, da ƙarfen da ke ƙarƙashin sit ta baya, don nan ne buhunan masara da jarkoki suke karyawa. Walda mai tsafta a baya ba ta hana ciniki. Walda a wuya tana hanawa. Ɗaga gaba ka juya ƙaho a hankali: in yana maƙalewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya mutu, ƙaramin aiki ne. Bututun shok na gaba in tsatsa ta huda su a wurin da suke shiga da fita, za su riƙa yanka sil kullum, kuma samun wasu ba wasa ba ne. Bi sifok ɗaya bayan ɗaya da sifana kana ƙwanƙwasawa. Mai lafiya ƙara yake yi, sakakke kuwa shiru. A Transalp da Africa Twin rim ɗin alminiyam yakan ruɓe ta ciki, sai ka ga fenti ya kumbura kusa da ramin sifok.

Wani abu na yankinmu: ambaliya. Baburan da suka kwana cikin ruwa a Yagwa, Kuseri ko Njamena, kamar a ambaliyar 2022, suna nan suna yawo a kasuwa. Buɗe akwatin iska da cikin fitila ka nemi layin busasshen laka. Man injin da ya koma kalar shayi da madara, ruwa ne a ciki.

In injin yana juyawa, auna matsinsa da ma'auni, maƙura a buɗe gaba ɗaya. Mai lafiya yakan ba da wajen 9 zuwa 11 a ma'aunin bar. In ya gaza 7, zuba cokali ɗaya na mai ta ramin buji (fulogi) ka sake aunawa: in ya hau, zobe ne ya gaji, in bai motsa ba, bawul ne. Ka tuna XT600 da manyan XL suna da abin rage matsi da ke aiki tare da kik, zai sa ma'aunin ya nuna ƙasa da gaskiya.

Kowane samfuri da ciwonsa. Ƙananan Honda XL kamshaf ɗinsu a kan alminiyam ɗin kan silinda yake juyawa kai tsaye, babu boris. In an taɓa barin mai ya ƙare, wurin yakan cinye, sai ka ji ƙwas-ƙwas a sama wanda saita bawul ba ya kawarwa, maganinsa wani kan silinda. XT600 giyarsa ta biyar ce take zaizayewa, musamman in an saba jan sa a hankali cikin babbar giya. Kuka a giya ta biyar kaɗai da ɓarɓashin ƙarfe a mai su ne shaida, kuma gyaran sai an raba injin biyu. Ténéré na 1986, mai lamba 1VJ, an san shi da zafin kai. A Africa Twin da Transalp, cire murfin ƙaramin sifroket ka duba haƙoran sandar da yake zaune a kai. Jan gari kamar barkono a wurin yana nufin suna cinyewa, in kuma an riga an yi wa sifroket ɗin walda a jikin sandar, ka rage kuɗi sosai ko ka tafi. Famfon fetur da na'urar daidaita caji su ma sukan mutu a Africa Twin, amma waɗannan canji ne kawai.

Tayar da wanda ya daɗe a kwance

Nan ne aka fi yin ɓarna. An kawo babur da ya shekara goma a jingine, yara sun taru, wani ya zuba fetur, aka tura shi a giya ta biyu. Cikin minti ɗaya busasshen zobe ya karce silinda, kamshaf ya juya babu mai. A ba shi kwana biyu ko uku, ba a rasa komai.

Kafin a kwance ko kusa ɗaya, ɗauki hoton kowane gefe da waya, da yadda wayoyi da kebul suka bi. Cire buji, zuba kamar mililita 15 na man inji a ramin, a bar shi ya kwana. Washegari buɗe ƙananan murafun bawul ka zuba mai a kan kamshaf da hannuwansa. Sa babbar giya, ɗaga tayar baya, ka juya ta da hannu. In ta ƙi, kada ka hau kik da ƙarfi. Ƙara mai gauraye da kananzir, jira, ka riƙa rausaya tayar gaba da baya. In kwana uku bai saki ba, a buɗe kai a gani.

Zanzaro yana son waɗannan babura. Yakan gina laka a bakin salansa, a cikin siraran tiyon numfashi na kabureta, har da ramin iska na murfin tanki. Tiyo ɗaya da ya toshe ya isa ya sa kabureta ta riƙa ambaliya, ko injin ya mutu bayan kilomita biyu, a yi ta zargin koyil. Hura kowanne da baki. Ɓeraye kuma akwatin iska suke kwana, su ci soso, su ci wayoyi.

Tanki: zubar da tsohon fetur, cire famfon. In tsatsa ce sama-sama, zuba noti kamar ashirin da lita ɗaya ta kananzir ka girgiza sosai, ka ƙirga notin wajen fitarwa. In ta yi kauri, cika shi da ruwan binega ya kwana ɗaya ko biyu, a ɗauraye da ruwa mai ɗan sodar burodi, a shanya a rana, a zuba fetur mai ɗan mai a ranar, don tsatsa ba ta jira. Kiyaye fentin waje da leda. Tankin alminiyam, irin na XT500 na baya-baya, ba ya tsatsa, kuma sodar sabulu tana cinye shi, kada ta kusance shi.

Kabureta a kwance ta a kan farin tsumma. Ƙaramin jet, wanda ke riƙe injin in an saki maƙura, shi yake fara toshewa. A jiƙa, a hura da iska. Kada a soka masa allura ko wayar birki, ramin zai faɗaɗa kuma ba ya komawa. Kafin ka cire sukurun iska, murɗa shi ciki a hankali kana ƙirga zagaye har ya zauna, ka rubuta, don ka mayar da shi yadda yake. In kaburetar Mikuni ce ko Keihin ta asali, a gyara ta. Sabuwa ta Sin tana da arha, amma jet ɗinta ba na wannan injin ba ne, kuma mai saye na gaba ita zai fara dubawa.

Bawul ana saita shi injin na sanyi, fistan a ƙololuwa lokacin matsi, alamar T ta daidaita. A XT500 tazarar milimita 0.10 ce a na shiga, 0.15 a na fita. A XL125S kuwa 0.05 ce duka biyu. Da siraran ƙarafan auna tazara ake yi, ba da kunne ba. Bawul mai ɗan ƙara ba ya kashe inji, wanda aka matse har ya yi shiru shi ne yake ƙonewa. Yawancin XT500 da foyin suke ba da wuta, wato ɗan makunnin nan mai buɗewa da rufewa: tazararsa 0.3 zuwa 0.4, a goge fuskarsa da takarda mai tsafta, buji NGK BP7ES da tazara 0.7 zuwa 0.8.

Yanzu maganar mai a XT500 da XT600, wadda take rikita har tsofaffin makanikai. Waɗannan ba a ƙasan injin suke ajiye mai ba. A XT500 cikin bututun shasi yake, sandar awo tana gaban tanki kusa da wuya. In babur ya daɗe a tsaye, man yakan sulale ya koma ƙasan injin, sandar ta nuna babu komai. Sai mutum ya ɗura lita biyu a kan wanda ke ciki, injin ya tashi ya yi ta aman mai ta tiyon numfashi. Hanyar ita ce a zubar ta wuri biyu, ƙasan injin da ƙasan bututun shasi, a wanke rariyar da ke gindin bututun, a sa sabuwar matata, a zuba lita biyu. Bayan ya tashi ya yi minti uku zuwa biyar, a kashe, a auna babur na tsaye sak, a cika abin da ya rage. Da zarar ya tashi karon farko, sassauta kusan bututun da ke kai mai zuwa kan silinda. In minti ɗaya ya wuce mai bai tsattsafo ba, kashe nan take.

Shi kansa bugun kik ɗin XT500 yana da ƙa'ida. Buɗe fetur, ja cok in da sanyi, hannu kada ya taɓa maƙura. Taka kik a hankali har ya yi tauri. Ja ɗan hannun rage matsi da ke ƙaho, ƙara takawa kaɗan don fistan ya gota ƙololuwa. A yawancinsu akwai 'yar taga a kan silinda da alama take bayyana a daidai nan. Saki hannun, bar kik ya dawo sama, sannan ka taka shi gaba ɗaya har ƙasa. Wanda ya murɗa maƙura ko ya yi rabin bugu, kik zai dawo masa a idon sawu. Da takalmi mai tauri ake yi, ba silifa ba.

Masu hayaƙi

DT, AG100 da TS injinsu mai bugu biyu ne, nasu ciwon daban. Sil biyu na kiranshaf suna bushewa in an daɗe ba a hau ba. Na gefen wuta in ya mutu, injin yana shan iska ta ɓarauniyar hanya: ka saki maƙura ya ƙi sauka, ya yi zafi, ƙarshe fistan ya kama. Na gefen kuloci in ya mutu, man giya yake zuƙa, hayaƙi ya yi kauri da wari, man giya yana raguwa babu ɗigo a ƙasa. A duk wanda ya shekara biyar a kwance, a canza su kawai.

Famfon da ke haɗa mai da fetur da kansa, makanikai da yawa cire shi suke yi su ce a riƙa gaurayawa a tanki. A Yamaha injin zai rayu da hakan in ana zuba mililita 25 zuwa 30 na man 2T, wato man injin mai bugu biyu, a kowace lita. A Suzuki TS kuwa famfon yana kai mai kai tsaye ga boris ɗin kiranshaf, in an cire shi boris ɗin zai ƙone. Ko a Yamaha ma barin sa ya fi, don yana cikin asalin babur. A canza tiyonsa, a kwance ƙaramin sukurun fitar da iska har mai ya fito babu kumfa, a daidaita alamar kebul, sannan tankin farko a gauraya ɗan mai har a tabbatar ma'ajin man yana raguwa. Baƙin mai na inji ba ya maye gurbin 2T.

Rayuwa da shi a zafinmu da ƙurarmu

Injin da iska ke sanyaya shi, a Garwa cikin Maris da Afrilu da zafi ke haura digiri 40, mai ne kaɗai gatansa. A sa 20W-50 na babur mai alamar JASO MA. Man mota na zamani yana sa kuloci santsi. Manyan a canza musu duk kilomita 2,000 zuwa 3,000. Ƙananan Honda da lita ɗaya kacal suke ɗauka, kada su wuce 1,500, kuma a tuna suna da matatar da ke juyawa a bakin kiranshaf ta dama, wadda sai an buɗe murfin kuloci ake kwashe dattinta. Da yawa ba a taɓa buɗe ta ba tun fitowarsu.

Lokacin hunturu soson iska duk mako ake wanke shi da kananzir, a matse ba a murɗa ba, ya bushe, a shafa mai a matse rarar. Busasshen soso ƙura wucewa take yi. Tsohon da ke marmashewa a hannu a yanka sabo. Matatar takarda, irin ta Africa Twin, ba a sa mata mai.

Zuwa-zuwa, wato fetur na kwalba, ba laifi ba ne in babu wani, amma a tace shi da tsumma mai laushi, a kuma ɗaura 'yar matata tsakanin tanki da kabureta. In ka ji injin yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani lokacin hawan tudu, kamar hanyar Mokolo zuwa Rumsiki, fetur ɗin ne ba shi da kyau ko an gauraya shi da kananzir. Rage giya, kada ka matsa masa.

Sarƙa: doguwar ƙafa tana buƙatar sarƙa mai sassauci, wajen milimita 30 zuwa 40 a yawancinsu, wasu ma fiye. Makaniken da ya saba da baburan gari zai ɗaure ta tamau, shok na nutsewa ta ja sandar giya, daga nan boris da haƙoran nan suke tafiya. Zauna a kai a duba, dole a bar mata ɗan wasa. Bayan tafiya cikin baƙar lakar karal da damina, a wanke ƙasan injin da tsakanin fikafikan silinda a ranar, domin in ta bushe tana riƙe zafi.

Taya da birki ba a neman asali a kansu. Lambobi huɗu na ƙarshe a jerin DOT da ke gefen taya, mako ne da shekarar da aka ƙera ta. In uku ne, tayar ta girmi shekarar 2000. Takalman birkin ganga da suka tsufa fatarsu takan ɓalle daga ƙarfen ta kulle taya ana cikin gudu, a canza su ko da suna da kauri. Mai son XL250S ko XL500S na ƙarshen shekarun 1970 ya sani tayar gabansu inci 23 ce, ba a samun ta a kasuwar Garwa ko Marwa, sai an yi oda.

Abin da ba a taɓawa

Garin neman gira kada a rasa ido. Fentin kamfani da ya koɗe, da tambarinsa da 'yan ƙarce-ƙarce, ya fi sabon fenti daraja wurin masu tarawa. A wanke da sabulu mai laushi, a shafa man goge mota, shi ke nan. Kada a sa sanfefa a kwanon injin don ya yi walƙiya, kada a kai kaya a yi musu kurom. Sit in ya yage, a kai wa mai ɗinki tsohuwar rigar ya kwafi ɗinkinta, a bar gindin asali.

Wutar bolt 6 ta XT500 da tsofaffin XL da DT rauni gare ta da dare, kowa ya sani. In za a mayar da ita 12, a yi ta yadda za a iya komawa: da filogi-filogi, ba tare da yanka wayoyin asali ba. Wannan ita ce ƙa'idar kowane canji. Duk abin da aka cire, ko da mataccen koyil ne ko tsagaggen madgad, a sa a kwali a rubuta sunansa. Mai saye na gaske zai tambayi kwalin. Zai kuma tambayi littafin babur da jakar sifanun da ya zo da su, in suna nan kada a raba su da shi.

Kayan gyara na ƙanana ana samun su ta Mubi, Yola da Kano, ko Camp Yabassi a Duwala, amma jabu ya yi yawa cikin kwali mai sunan kamfani. Tafi da tsohon a hannu a gwada. Na manyan sai oda daga Turai ta intanet, kuma da lambar kayan ake oda, ba da sunan babur kaɗai ba, don XT600 na 1984 da na 1988 ba komai nasu ne ɗaya ba.

Wurin ajiya ya zama inuwa mai iska, don rana ita ke cin roba da sit. In zai wuce wata ba a hau ba, a rufe famfon fetur, a zubar da na cikin kabureta ta sukurun ƙasa, a cire batir, a ɗora shi kan katako tayoyi su bar ƙasa, a toshe bakin salansa da tsumma mai mai. Tayar da shi na minti biyu duk mako ba alheri ba ne, ruwa kawai yake tarawa a salansa da cikin mai. Ko a hau shi ya yi zafi sosai, kamar kilomita 15, ko a bar shi ya huta. A wasu sassan Arewa Mai Nisa ta Kamaru hukuma takan taƙaita zirga-zirgar babura saboda tsaro, a tambaya kafin a fita gari da shi.

In sayarwa za a yi, hotuna su nuna lambar shasi da ta injin a fili, cikin tanki, ƙasan injin, kart giriz da kwalin tsofaffin kaya, tare da bidiyon tayarwa da safe wanda aka fara da taɓa kan silinda da hannu. A faɗi aibin da ke akwai tun farko. Wanda ya ce daga waje yake, zai turo kuɗi fiye da farashi a mayar masa da canji, ko a fara biyan kuɗin jigila ga wani wakilinsa, damfara ce. Babur ba ya barin gida sai kuɗi sun shiga hannu, kuma takardar ciniki kwafi biyu ake yi, kowa ya riƙe ɗaya.